Me ya sa faɗan 'yan ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ke tashi bayan an san wanda ya ci?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda yau babu wasa, bari in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na zauna na tuno manyan rigingimun da aka yi a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka, sai na ga kamarsu ɗaya. Ba sa tashi lokacin da maki ke kankankan, kowa na haki. Sai an riga an san wanda ya ci, 'yan kallo har sun fara neman ƙofa, sannan wuta ta kama.

Ku duba. Disamba 2011, Xavier da Cincinnati, jami'o'i biyu a gari ɗaya. Xavier na da 76, Cincinnati na da 53, saura sakan 9 da ɗan ɗoriya, aka kaure da dambe har Yancy Gates na Cincinnati ya naushi Kenny Frease na Xavier a fuska jini ya zuba, alƙalai suka tashi wasan a nan. Janairu 2020, Kansas da Kansas State, tazarar maki ta haura 20, saura sakanni kaɗan, faɗa ya ɓarke har ya gangara wurin da aka keɓe wa 'yan kallo masu naƙasa, Silvio De Sousa na Kansas ya ɗaga kujera sama da kansa. Fabrairu 2022, Wiskonsin ta ci Mishigan 77 da 63, an ma riga an tashi, ana layin musabaha, kocin Mishigan Juwan Howard ya kai wa mataimakin kocin Wiskonsin hannu a kai.

Ni a ganina yaran nan an koya musu neman nasara, amma ba a koya musu yadda ake riƙe ta ba, ba a kuma koya musu yadda ake haɗiye kaye ba. Baba Koci, ku ne manya, me kuka gani?

Baba Koci:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka hango wani abu na gaskiya. Akwai wata al'ada a wasan nan da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma duk wanda ya taɓa sa riga ya san ta. Idan tazara ta yi nisa, lokacin da ya rage kuma bai kai sakan 30 na agogon jifa ba, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando, mai ƙwallo yakan tsaya yana buga ta a ƙasa har a busa. Ba ya neman ƙarin maki. Su ma waɗanda aka ci sukan ja da baya, ba sa neman ƙwace ta. Wannan sulhu ne tsakanin mai nasara da wanda aka kayar, kowa ya bar wa ɗan'uwansa mutuncinsa.

A wasan Kansas abin da ya faru ke nan aka karya sulhun daga ɓangare biyu. De Sousa yana buga ƙwallo yana jiran tashi, DaJuan Gordon na Kansas State ya fizge ta ya ruga kwando. De Sousa ya bi shi ya doke ƙwallon, Gordon ya faɗi. Da nan ya tsaya, da babu wanda zai tuna wasan yau. Amma sai ya tsaya a kansa yana kallonsa a ƙasa. Wannan tsayuwar ce ta tayar da benci biyu. Abin ya yi mini ciwo sosai, don a ƙungiyar Kansas ta shekarar akwai ɗanmu Udoka Azubuike, haifaffen Legas, kuma shi De Sousa ɗan Angola ne. Hoton kujerar nan ya zagaya duniya, ya rufe duk abin kirkin da yaron ya taɓa yi a fili. Wasa 12 aka dakatar da shi.

Mai Usur:
Baba Koci, da girmanku, amma ni a matsayina na wanda ke busa wasa zan ɗan saɓa. Wannan al'adar da kuke faɗa ita kanta tana cikin abin da ke kawo fitina. Littafin doka bai san ta ba. Muddin agogo na tafiya, ƙwallo halal ce ga kowa. Gordon bai yi laifin komai ba da ya ƙwace ta, De Sousa ma bai yi laifi ba da ya tare shi. Laifi ya fara ne daga tsayuwa a kan wanda ya faɗi, wannan tsokana ce, kuma hukuncinta tekinikal, wato laifin rashin ɗa'a da ake ba abokan karawa jifan kyauta daga layi saboda shi. Matsalar dokar da ba a rubuta ba ita ce kowa da irin fassararsa. Wani koci yana koya wa yaransa a buga har sakan na ƙarshe, wani yana koya musu a saki in an ga babu mafita. In suka haɗu, kowa gani yake ɗayan ya raina shi.

Rigimar Howard ma daga nan ta fito. Saura sakan 15, Wiskonsin na gaba da nisa, kocinsu Greg Gard ya nemi hutun shawara. Howard ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Shi kuma Gard ya ce 'yan bencinsa ne a fili, Mishigan na matsa musu tun daga ƙarƙashin kwandonsu, sakanni kaɗan suka rage musu su tsallake tsakiyar fili kafin a karɓe ƙwallo, shi ya sa ya tsayar da wasa. To wa ya fara karya al'adar? Wanda ya ci gaba da matsi ko wanda ya nemi hutu? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Samaru:
Amma duka biyun ba su kai a ɗaga hannu ba.

Mai Usur:
Ko kusa. Shi ya sa aka dakatar da Howard wasa 5, aka ci shi tarar dala 40,000, Gard kuma dala 10,000 saboda shi ya fara riƙe masa hannu yana son ya tsayar da shi ya yi masa bayani. 'Yan wasa uku aka dakatar wasa ɗaya-ɗaya, kuma su ɗin sai da suka ga babba ya kai hannu sannan suka fara kai naushi. Wannan a lura da shi.

'Yar Fagge:
Na san ƙarshenta maganar nan za ta zo kan Angel Reese ta LSU, jami'ar jihar Luwiziyana, don haka bari in riga ku. Wasan ƙarshe na mata, Afrilu 2023 a Dalas, LSU ta ci Ayowa 102 da 85. Ana gab da tashi Reese ta kaɗa tafin hannu a gaban fuskarta tana kallon Caitlin Clark ta Ayowa, sannan ta nuna yatsan da za ta sa zoben zakaru. Duniya ta yi mata ca. Manyan maza masu shekarun babanta suka hau intanet suna zaginta, marar tarbiyya, marar aji. Alhali mako ɗaya kafin nan ita Clark ta yi wannan alamar a wasansu da Louisville, aka yi ta yabonta, har John Cena, ɗan kokawar Amurka mai alamar, ya jinjina mata. A wasan kusa da na ƙarshe kuma Clark ta kaɗa wa Raven Johnson ta Karolina ta Kudu hannu, ta juya ta bar ta a layin maki uku ba tsaro, wato je ki jefa, ba ki isa ba. Akwai rainin da ya fi wannan a ƙwallon kwando? Nan ma cewa aka yi ƙwarewa ce. Fara ta yi an ce jarumta, baƙa ta yi an ce rashin kunya. Ni wannan shi ne ya fi damuna fiye da duk wata kujera da aka ɗaga.

Ɗan Samaru:
Anti, ban ce ba a yi mata rashin adalci ba. Amma akwai bambanci. Ita Clark wajen bencinsu ta fuskanta ta yi alamar, Hailey Van Lith ta Louisville da kanta ta fito daga baya ta ce ba da ita ake ba. Reese kuwa bin Clark ta riƙa yi a fili tana neman idonta, bayan wasa ya riga ya mutu. Wannan shi ne ainihin abin da na buɗe maganar a kai.

'Yar Fagge:
To a wannan wasan na Louisville ɗin, da kyamara ta kama Clark tana gaya wa abokiyar karawarta cewa maki 15 ake binsu, ta yi shiru, wannan fa? Bencinsu take gaya wa? Kuma ita Clark ɗin da ake wa kuka, da aka tambaye ta, cewa ta yi bai kamata a soki Reese ba ko kaɗan, ita ma tana yi, kowa na yi. Mai abu ta yafe, 'yan kallo sun ƙi yafewa. Bayan shekara guda, da Ayowa ta rama 94 da 87, Reese ta zauna gaban 'yan jarida tana hawaye ta ce tun ranar da ta ci kofin nan ake aiko mata da barazanar kisa. Yarinya 'yar shekara 21. Saboda ta kaɗa hannu.

Na Hiyustan:
Ina zaune a ƙasar nan shekaru da dama, kuma zan goyi bayan 'Yar Fagge a kan abu ɗaya: a Amurka kalmar ladabin wasa tana da tarihi, ba kowane lokaci ake faɗinta da zuciya ɗaya ba. A 1966 Texas Western ta fara wasan ƙarshe da baƙaƙe biyar, ta ci Kentaki da babu baƙi ko ɗaya a cikinta, 72 da 65. A 1967 jami'ar UCLA ta ɗauki kofi da Lew Alcindor, wanda daga baya ya zama Kareem Abdul-Jabbar. A shekarar aka haramta dank, wato cusa ƙwallo cikin kwando da hannu, a wasan jami'o'i, haramcin ya tsaya har 1976. Shi Kareem bai ɓoye ba cewa yana ganin akwai wariya a ciki. A farkon shekarun 1990 kuma ga yaran Mishigan biyar da suka shigo tare, Chris Webber, Jalen Rose, Jimmy King, Ray Jackson da shi wannan Juwan Howard ɗin. Dogayen wanduna, baƙar safa, baki ba ya shiru. An zage su kamar me, har wasiƙun cin mutunci tsofaffin ɗaliban makarantar suka riƙa aikowa.

A daidai wannan zamanin, Maris 1992, Duke da Kentaki a Filadelfiya. Christian Laettner na Duke ya taka ƙirjin wani yaron Kentaki da ke kwance a ƙasa, da gangan, kowa ya gani. Sunan yaron Aminu Timberlake, sunan ne ma ya sa ban taɓa mantawa ba. Tekinikal kawai aka ba Laettner, ba a kore shi ba. Ya ci gaba da wasa, ya jefa 10 ya ci 10 a fili, ya jefa 10 ya ci 10 daga layi, kuma shi ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta ba Duke nasara 104 da 103. Har yau ana nuna wannan jifan a duk watan Maris. Takun ƙirjin kuwa sai dai 'yan Kentaki su tuna.

Mai Usur:
Wannan misalin na Laettner ya ɗan rage ƙarfin maganar Ɗan Samaru, don a tsakiyar zagaye na biyu ya faru, wasa da ransa. Haka ma na Karolina ta Kudu da LSU a Maris 2024, saura kusan minti biyu, tazara ba ta kai 10 ba, Kamilla Cardoso ta Karolina ta Kudu ta ture Flau'jae Johnson ta LSU ta faɗi, aka kori 'yan wasa shida. A dokar yau, abin da Laettner ya yi alƙalai za su je su duba bidiyo, kuma ina da yaƙinin kora ce, don akwai laifin ganganci mataki na biyu da ake fitar da mutum nan take. Faɗa kuma in alƙali ya rubuta shi faɗa, ka rasa wasan gaba kai tsaye, in ka sake a kakar nan ka rasa sauran kakar gaba ɗaya. Cardoso haka ta rasa wasan farko na gasar ƙasa. Wanda ya taso daga benci lokacin faɗa ma kora ce, ko da rabo ya zo yi. Yawancin shidan nan laifinsu ke nan.

Ɗan Samaru:
Na karɓa. Ban ce duka ba ne, amma mafi muni a cikinsu a ƙarshen wasa suke.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da ban gane ba shi ne me ya sa ake son a kashe wa wasa gishiri. Mu nan a kokawar takobi, ɗan kokawa yana shiga fili da layu da makaɗa, ya yi kirari ya ce babu kamarsa daga Diffa har Tillaberi. A dambe ma haka ne, kun fi ni sani. Babu wanda ya taɓa cewa rashin tarbiyya ne. In aka hana yaran nan magana da rawa da nuna bajinta, wa zai kalla? Wasan Reese da Clark na 2023 kusan mutum miliyan 10 suka kalla, wanda suka sake haɗuwa a 2024 ya haura miliyan 12. Ba ladabi ne ya tara mutanen nan ba.

Baba Koci:
Ɗan Damagaram, ka kawo misalin da nake so, amma ka tsaya a rabi. Kirari daban, gori daban. Ɗan dambe yana kirari kafin a gwabza, abokin karawarsa na tsaye da ƙafafunsa, zai iya mayar masa da martani da hannu. Kansa yake wasawa. Amma da zarar an yi kisa, mutum ya kai ƙasa, ka taɓa ganin ɗan damben kirki ya tsaya a kansa yana nuna shi da yatsa? Makaɗa ne za su ɗauka, shi kuwa ya juya, wani lokacin ma shi zai miƙa hannu ya ɗaga shi. A kokawarku sau nawa muka ga wanda ya yi kaye ya rungumi wanda ya kayar? Ni ban taɓa hana yarona magana a fili ba. In ka ci mutum maki uku a fuskarsa ka gaya masa, shi ma yana da damar ya zo ya rama a ƙwallo ta gaba. Abin da na hana shi ne ka yi wa wanda ba shi da sauran damar ramawa. Agogo ya ƙare masa, hannunsa a ɗaure, sannan ka bi shi da baki. A nan nake ganin Reese ta yi kuskure, a nan De Sousa ya yi kuskure. Kuskuren yarinya 'yar shekara 20 a ranar da ta fi kowace rana daɗi a rayuwarta, wanda koci zai kira ta gefe ya gyara da magana biyu. Abin da manya suka yi mata daga baya ya ninka nata muni sau ɗari, a nan ina tare da ke, 'yata.

'Yar Fagge:
Na gode Baba. Wannan rabe-raben na yarda da shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a auna wasu da mudu, wasu da tiya. Grayson Allen na Duke sau uku yana sa wa mutane ƙafa da gangan a cikin 2016, biyu a Fabrairu, ɗaya a Disamba. Biyun farko ba a dakatar da shi ba. A na uku aka ce an dakatar da shi har sai abin da hali ya yi, aka karɓe masa kyaftin, sai ga shi ya dawo bayan wasa ɗaya tak. Sa ƙafa ga mai gudu na iya karya mutum. Kaɗa hannu bai taɓa karya kowa ba.

Malamin Firamare:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni gani nake kun tattara kan yara, kun bar manya. Bob Knight, kocin Indiyana, ya jefa kujera tsakiyar fili a 1985 a wasa da Purdue, ya ci gaba da aikinsa shekara 15 bayan haka. Sai da bidiyon da ya shaƙe wuyan ɗan wasansa Neil Reed a wajen atisaye ya fito, sannan a 2000 aka sallame shi. Saboda me aka yi ta haƙuri da shi? Saboda ya ci kofin ƙasa uku. Yaron da ya tashi yana ganin haka, wane darasi ya ɗauka? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni a aji na sani, ranar da na ɗaga murya fiye da kima, ranar yara ke faɗa a lokacin tara.

Na Hiyustan:
Malam, ƙara da 'yan kallo. Fabrairu 2014 a Lubbock, Marcus Smart na Oklahoma State ya faɗa cikin 'yan kallo bayan ya yi tsalle, wani dattijo mai goyon bayan Texas Tech ya gaya masa baƙar magana, yaron ya ture shi. Smart aka dakatar wasa 3. Shi dattijon ya amsa cewa ya zage shi, ya ba da haƙuri, ya ce ba zai ƙara zuwa wasa ba a sauran kakar. Sannan ga al'adar ɗalibai ta afkawa cikin fili in ƙungiyarsu ta kayar da babba. A Janairu 2024 wata mai gudu ta yi karo da Clark a Ohio State har ta faɗi. Bayan wata ɗaya Kyle Filipowski na Duke ya ji ciwo a gwiwa a Wake Forest, sai riƙe shi aka yi aka fitar. Ana neman yaro ya tsaya a layi ya yi musabaha cikin natsuwa, alhali mutum dubu na rugowa ta bayansa.

Babban abin da ya canza kuma kuɗi ne. Tun Yuli 2021 aka yarda ɗan wasan jami'a ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Wannan adalci ne, na goyi baya, don shekara da shekaru makarantu da gidajen talabijin ke kwasar biliyoyi a kan guminsu. Amma yanzu yawan mabiyanka a Instagram da TikTok shi ne farashinka, kuma bidiyon tsokana na sakan 10 ya fi bidiyon kyakkyawan tsaro yawo. Ga caca. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa a 2018, jihohi da yawa sun halatta ta. Mutum zai sa kuɗi a kan cewa yaro kaza zai ci maki kaza, in bai ci ba ya bi shi da zagi har cikin wayarsa. Har shugaban NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, Charlie Baker ya fito a 2024 yana roƙon jihohi su hana irin wannan cacar a kan ɗan wasa ɗaya. Yaro yana shiga fili da wannan nauyin duka a kansa.

Ɗan Samaru:
To ko a soke layin musabahar ne kawai? Bayan rigimar Howard an yi ta wannan magana. A NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, babu layin dole, wanda ya ga dama ya gaisa da abokinsa, wanda bai ga dama ba ya wuce ɗakin canza kaya. Tilasta wa mutum 30 masu tafasasshen jini su gogi juna minti ɗaya bayan tashi, anya ba neman fitina ba ne?

Baba Koci:
A'a, ɗana. Nan kam ba zan bi ka ba. Tom Izzo, kocin Mishigan State, ma ya ƙi wannan shawarar da kakkausar murya a lokacin, kuma gaskiyarsa. Wasanni dubbai ake yi a kowace kaka, nawa ne aka yi faɗa a layin? Don mutum ɗaya ya kasa riƙe zuciyarsa sai a ɗauke wa sauran darasin? Wahalar da ke cikin layin ita ce amfaninsa. Ka miƙa hannu ga wanda ya gama cin ka yanzun nan, ka dube shi a ido, wannan horo ne da ba a samunsa a atisaye.

Bari in ba ku labarin wata musabaha. Maris 1963, jihar Misisipi na da al'adar hana ƙungiyoyinta wasa da duk ƙungiyar da ke da baƙar fata. Mississippi State ta samu gurbin gasar ƙasa, aka haɗa ta da Loyola ta Shikago mai baƙaƙe huɗu a cikin biyar ɗin farko. Aka nemo umarnin kotu don a hana su tafiya. Sai suka sulale daga jihar a ɓoye, suka isa East Lansing. Kafin a jefa ƙwallo, kyaftin ɗin Loyola Jerry Harkness da kyaftin ɗin Mississippi State Joe Dan Gold suka miƙa wa juna hannu a tsakiyar fili, fitilun masu hoto suka haske wurin. Loyola ta ci 61 da 51, ta je ta ɗauki kofin shekarar. Da Gold ya rasu a 2011, Harkness ya je jana'izarsa. Irin wannan abin ake so a jefar saboda fushin sakan 15?

Maman Sadik:
Baba Koci, ni tambaya ce da ni. Yarona shekararsa 15, kullum yana fili, burinsa ya samu gurbin karatu a Amurka ta hanyar wasan nan. Ina ganin yadda yake kwaikwayon abin da yake gani a waya, in ya ci sai ya buga ƙirji ya tsare mutum da ido. Na yi magana ya ce haka ake yi, wanda bai yi ba ana ɗaukarsa rago. Me zan ce masa?

Baba Koci:
Hajiya, kada ki hana shi zafin nema, shi ne jarinsa. Ki nuna masa wasu bidiyon ban da waɗanda yake gani. Ki nuna masa Bajiniya a 2018, su ne na ɗaya a ƙasa, jami'ar UMBC da ke can ƙasan jeri ta ci su 74 da 54, abin da kafin nan bai taɓa faruwa ba a tarihin gasar maza. Kocinsu Tony Bennett ya fito gaban kyamara a daren, ya yaba wa waɗanda suka ci shi, bai ɗora wa alƙali ko yaransa laifi ba. Shekara ta zagayo, yaran nan suka ɗauki kofi, har da Mamadi Diakite ɗan Gini a cikinsu. Ki nuna masa Dawn Staley, kocin matan Karolina ta Kudu, da ta karɓi makirufo a fili bayan faɗan da Mai Usur ya ambata, ta ba jama'a haƙuri a madadin 'yan wasanta alhali ita ta ci, sannan bayan wata ɗaya da ta ci Ayowa a wasan ƙarshe ta tsaya a kan dandamali ta gode wa Clark saboda ɗaga wasan mata da ta yi. Ki nuna masa Adama Sanogo ɗan Mali, da ya buga wa jami'ar UConn ƙarshen gasar 2023 yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon gasa. Akwai rago a cikin waɗannan?

Sannan ki gaya masa wani abu da na gani da idona. Shekarun baya na kai yara wata gasa, wani baƙo ya zo duba 'yan wasa. Ina da yaro da ya fi kowa hannu a filin. Aka ci mu a wasan kusa da na ƙarshe, ya cire riga ya jefar, ya wuce bai gaisa da kowa ba. Baƙon nan ya rufe littafinsa a gabana. Ya ce mini zai iya koya wa yaro jifa a wata shida, amma ba zai ɗauki wanda zai kai ƙasar da za a zage shi kowane dare ba alhali ga yadda yake ɗaukar kaye. Ya ɗauki wani da bai kai shi ba. Na daɗe ina jin zafin abin, don ni ne ban gyara shi da wuri ba, ina ganin maki yana zuwa na kau da kai. Tun daga ranar na ɗauko dokar Dean Smith, tsohon kocin Karolina ta Arewa: in ka ci, ka nuna wanda ya ba ka ƙwallon da yatsa. Yatsan nan dole ya nuna wani, to gara ya nuna abokinka.

Maman Sadik:
Allah ya saka da alheri Baba. Zan zaunar da shi mu kalla tare.

'Yar Fagge:
Mai Usur, kafin a watse ina da tambaya ɗaya gare ka, kuma ka amsa tsakaninka da Allah. Da kai ne ke riƙe da usur a Dalas ranar nan, za ka busa wa Reese?

Mai Usur:
Zan busa. In na ga 'yar wasa tana bin wata tana yi mata alama a fuska agogo na tafiya, tekinikal ne, ko saura sakan ɗaya. Amma da ni ne a wasan Louisville kuma kunnena ya ji Clark ta ce wa yarinyar nan ta yi shiru ana bin su 15, ita ma zan busa mata a take. Alamar da ta yi wa bencinsu ba zan taɓa ta ba. Jifa biyu daga layi ga wannan, jifa biyu daga layi ga waccan, a rubuta a takarda, a tashi wasa, magana ta ƙare a filin.

'Yar Fagge:
Da haka aka yi tun farko, da ban buɗe baki ba.